Motata Tana Riƙe Birki da Kanta a Kan Hawa, In Bari a Cire Abin?

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan fili namu na motoci, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan magana ɗaya daga Gombe da Bauchi, wato motoci masu giyar hannu da ke riƙe birki da kansu in an tsaya a kan hawa, shi ne na ce bari in haɗa su wuri guda. Tambayar farko ita ce za ta ci mana lokaci don ita ce uwar sauran.

Tambaya daga wani magidanci a Tumfure, Gombe:

Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni dai na kai shekara ashirin ina tuƙa mota mai giyar hannu, da 504 na fara har na zo kan Golf 3, bana Allah ya hore min na sayi Ford Focus 'yar Beljiyam ita ma manuwal ce, to matsalar duk sanda na tsaya a kan hawa, musamman in na taso daga cikin gari da yamma zan haura gida ga gosulo, da na ɗaga ƙafa daga birki sai in ji kamar wani ya riƙe motar ta baya, ba ta gaba ba ta baya, in na saki kuloci ko ta mutu ko ta fizga da ƙarfi, sau biyu tana mutu min a tsakiyar titi 'yan keke na ta danna min hon. Na kai wa bakanike ya ce birki ne ke kamawa, ya kwance ya wanke ba ta daina ba, wani mai wayarin kuma ya ce wai wani abu ne ana ce masa Hill Start Assist, in kawo ya cire fiyus ɗin ABS kowa ya huta. Don Allah in bari ya cire?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri a sabuwar mota ya kuma tsare hanya. Kafin komai, don girman Allah kar ka bari a taɓa fiyus ɗin nan, na fara da wannan ne saboda ko ba ka samu ka karanta sauran ba to ka riƙe shi. Motarka lafiyarta ƙalau. Mai wayarin ɗin ya gane sunan abin daidai, amma maganin da ya kawo ya fi ciwon muni nesa ba kusa ba.

Ka tuna manyan motocin da ke hawan Panshanu a hanyar Bauchi zuwa Jos, in direba ya tsaya a tsakiyar hawa da lodi yaron mota zai diro da gudu da waigi a hannu ya cusa a bayan taya, sannan direba ya samu sukunin sakin birki ya ba ta wuta, da ta ɗauka yaro ya zare waiginsa ya bi ta ya ɗafe. To wannan abin da ke motarka aikin yaron nan yake yi, sai dai shi waiginsa man birki ne. Lokacin da ka taka birki ka tsaya, man birki na matse a cikin bututu yana danne tayoyi, a tsohuwar mota da ka ɗaga ƙafa man zai koma nan take birki ya saki. A irin taka kuwa akwai akwatin ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa in an taka birki da ƙarfi, mai bawul-bawul a ciki, akwai sensa a kowace taya da ke gaya wa kwamfutar motar cewa taya ba ta juyawa, akwai wata sensar da ke jin karkatar mota ta san gabanta ya ɗaga sama, akwai kuma makunni a jikin kuloci da ke nuna ka taka shi. In waɗannan suka haɗu sai kwamfutar ta rufe bawul ta tsare man a inda yake, ka ɗaga ƙafarka amma birki na nan a matse na kamar daƙiƙa 2, wasu motocin har 3, don ƙafarka ta samu ta tsallaka daga birki zuwa totur mota ba ta zame baya ba. Da ta ji injin ya fara ja sai ta saki, in kuma ba ka yi komai ba lokacin na cika za ta saki motar ta gangara abinta. Har in ka sa ribas alhali gaban motar na kallon gangara shi ma yana riƙewa, mutane da yawa ba su lura da wannan ba.

Kuma ba sabon abu ba ne kamar yadda ake zato, kamfanin Studebaker na Amurka ya sa irinsa a motarsa tun 1936, a lokacin babu kwamfuta babu sensa, wata 'yar ƙwallon ƙarfe ce a cikin layin birki, in mota ta fuskanci hawa ƙwallon ta gangaro baya ta toshe hanyar man muddin ƙafarka na kan kuloci. Subaru ma sun yi amfani da irin wannan a motocinsu na shekarun 1980. Abin da ya sa yanzu ya cika gari shi ne a Turai tun Nuwamba 2014 doka ta tilasta duk sabuwar mota ta zo da na'urar hana santsi, wadda ake rubutawa ESP ko ESC, to tunda akwatin da sensoshin suna nan a jikin motar sai kamfanoni suka riƙa ɗora wannan riƙon hawan a kai, kusan kyauta yake zo musu. Shi ya sa 'yan Beljiyam na baya-bayan nan da wuya ka samu wadda ba ta da shi.

Yanzu me ya sa take mutu maka, kai da ka shekara ashirin a kan sitiyari? Wallahi ƙwarewar taka ce ta jawo, kuma ba wasa nake ba. Ƙafarka ta hagu ta saba da wata magana tsakaninta da mota, kana ɗago kuloci a hankali sai ka ji motar ta ɗan yi rawa, gabanta ya ɗan ɗaga, ta fara neman tafiya, a nan kake sanin ya kama sai ka ƙara wuta. Shekara da shekaru wannan motsin kake jira. To yanzu birki na riƙe, ka ɗago kuloci ya kama amma motar ba ta motsa ba, ƙafarka sai ta ɗauka bai kama ba ta ƙara ɗagowa, injin kuma yana kan sulo wajen juyi 700 zuwa 800 a minti ba shi da ƙarfin da zai yi kokawa da birki da hawa a lokaci guda, sai ya mutu. In kuma ka ji tsoron mutuwar ka danna totur da yawa, daidai lokacin birkin zai saki, shi ne fizgar da kake ji. Sabon koyo ba ya shan wannan wahalar don shi ƙafarsa ba ta jiran komai.

Abin da zan ba ka shawara ka yi, ka samu ranar Asabar da safe lokacin da hanya ba cunkoso, ka nemi wani ɗan hawa a cikin unguwa inda ba kowa a bayanka, ka kashe rediyo ka sauke gilas. Ka tsaya, kuloci a ƙasa, giya ɗaya, ka ɗaga ƙafa daga birki kar ka taɓa komai, ka ƙirga a ranka ka ji tsawon lokacin da take riƙewa kafin ta fara zamewa, sai ka sake taka birki. Ka yi haka sau uku ko huɗu har jikinka ya san tsawon daƙiƙun nan. Daga nan sai ka sauya tsarin da ka saba, wuta ta riga kuloci. Kana sakin birki ka kai ƙafa kan totur ka ɗaga allurar juyin injin zuwa wajen 1500, in hawan mai tsanani ne ko akwai mutane cike a motar ka kai kusan 2000, sannan ka ɗago kuloci a hankali kana sauraren injin da kunne, in sautinsa ya ɗan yi ƙasa to ya kama, ka tsayar da ƙafar a wurin kar ka ƙara, za ka ji birkin ya saki da kansa motar ta tafi sumul. Kunne ne zai karɓi aikin da jiki yake yi da. Yawancin waɗanda na zauna kusa da su muka yi wannan ba sa wuce kwana biyu uku sun saba, har su manta da abin yana nan.

In ka gwada na mako biyu ka ji har yanzu ba ka so, to hakkinka ne, motarka ce, kuma ni ban ga laifin tsohon direba da ya ce ya fi yarda da ƙafarsa ba. Sa'ar da ka yi ita ce Ford masu giyar hannu irin su Focus da Fiesta da yawansu ana kashe shi ta cikin allon dashbod, ka shiga saitin da maɓallan da ke jikin sitiyari, wajen abubuwan taimakon direba za ka ga sunansa, ka cire alamar, shi kenan, ba a kwance komai ba ba a yanke waya ba, ranar da Hajiya ko yaronka zai ɗauki motar ka mayar musu. Ka duba littafin motar in ya zo da ita, in babu ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta.

Dalilin da ya sa na dage a kan fiyus kuwa, shi riƙon hawan ba shi da wani fiyus nasa shi kaɗai, a cikin akwatin ABS yake zaune. Ka cire fiyus ɗin ka kashe ABS, ka kashe na'urar hana santsi, a motoci da yawa har rabon ƙarfin birki tsakanin tayoyin gaba da na baya ya tafi, wasu ma allurar gudu daga sensar taya take samun labari. Birki zai ci gaba da kamawa a tafiyar yau da kullum shi ya sa mutum ke ganin ai ba abin da ya faru, sai ranar da ake buƙatarsa. Na ga wannan da idona. Wani ƙanin abokina aka yi wa irin wannan aikin a wani gareji, aka cire fiyus aka kuma liƙa baƙin tef a kan fitilar da ta kunnu a dashbod don kar ta dame shi, da damina muna dawowa daga Kaltungo ina gefensa an yi yayyafi kwalta ta yi santsi, akuya ta faɗo titi wajen Billiri ya taka birki da ƙarfi, tayoyin suka ƙulle, yana juya sitiyari motar ba ta jin magana tana tafiya miƙe kamar an ɗora ta a kan sabulu, bayanta ya juyo muka tsaya a gefen gona muna kallon inda muka fito. Allah ya tsare ba mota a ɗaya hannun. Har yau in na tuna shirun da muka yi a cikin motar nan gabana sai ya faɗi. Da na ɓare tef ɗin na ga fitilar ABS a kunne raina ya ɓaci ƙwarai, don wanda ya yi aikin ya san abin da ya ɓoye. Saboda daƙiƙa biyu na riƙon birki ba zan so a sa ka da iyalinka a wannan halin ba Alhaji.

Shi kuma bakaniken da ya kwance birki ya wanke, ba na ganin laifinsa sosai, da yawa daga cikin kanikawanmu a kan Peugeot da Golf suka koyi aiki kuma sun iya shi, abin ne bai zo hannunsu da yawa ba tukuna. Ka yi masa bayani cikin mutunci, gobe wani zai kawo masa irinta.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Yelwa, Bauchi:

Malam barka da aiki. Ni sabuwar koyo ce, maigidana ya saya min ƙaramar mota manuwal mai wannan abin, ni kam yana min daɗi don da tsoron hawa nake kamar me, amma mai koya min tuƙi ya ce wai ha'inci ne, duk wanda ya dogara da shi bai iya mota ba, wai sai an kashe zai ci gaba da koya min. Gaskiya ne?

Amsa:

Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Ba ha'inci ba ne sam, da haka ne da sitiyari mai laushi ma ha'inci ne tunda iyayenmu da ƙarfin damtse suka juya nasu. Ki yi amfani da abinki hankali kwance, musamman a irin cunkoson Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal inda ɗan acaba zai zo ya manna tayarsa a bayan motarki, ko taku ɗaya kika zame sai an ji ƙara.

Amma malamin naki yana da gaskiya ta wani ɓangaren kuma ina so ki saurare shi a nan. Wata rana za ki ari motar da ba ta da shi, ko taki sensa ta lalace fitila ta kunnu abin ya daina aiki ba sallama, kuma sau da yawa a kan hawan za ki gane ya daina. Don haka lallai ki koyi tashi da hanbirki. Kin tsaya, ki ja hanbirki, kuloci a ƙasa giya ɗaya, ki ɗan ba ta wuta, ki ɗago kuloci har ki ji bayan motar ya ɗan zauna tana neman tafiya, babban yatsanki na kan maɓallin hanbirki, sai ki sauke shi a hankali ki tafi. Ba ma sai an kashe komai ba don koyon wannan, a motoci da yawa in hanbirki na sama shi riƙon hawan ba ya shiga, ya bar miki aikin. Ki ce wa malamin ku yi haka, kowace fita ku yi tashi biyar da hanbirki, sauran tafiyar ki bar motar ta taimake ki.

Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai, kar ki taɓa ɗaukarsa a matsayin birkin ajiye mota. Daƙiƙa biyu ne fa. Kar ki ce bari in saki birki in juya in ɗauko jaka a kujerar baya ko in gyara wa yaro zama tunda tana riƙewa, kafin ki juyo ta tafi. In tsayuwa ce ta fi ta ɗan lokaci, hanbirki, in fita za ki yi ki bar ta a giya kuma.

Tambaya daga wani direban haya mai jigila tsakanin Gombe da Dukku:

Oga ni tambayata ita ce wannan riƙewar ba ta cinye birki ko faifan kuloci? Don mu abin da muke tsoro kenan, kayan gyara sun yi tsada. Mu dai da haf kuloci muka saba tsayawa a hawa.

Amsa:

Direba sannu da hanya, Allah ya kawo kasuwa. Birki ba ya cinyewa sai taya na juyawa yana gogarta, mota a tsaye ko awa ɗaya ka danne birki ba abin da ya ragu a jikin takalmin, to balle daƙiƙa biyu. Ta wannan ɓangaren ka kwantar da hankalinka.

Haf kulocin da kuka saba da shi kuwa, shi ne ainihin mai cin kuɗin, kuma na san maganar ba za ta yi wa direbobi da yawa daɗi ba don ana ɗaukarsa alamar gwaninta, a tsayar da mota cak a tsakiyar hawa ba birki ba hanbirki. Gwaninta ce kam ban musa ba, amma ka duba abin da ke faruwa a ciki, injin na juyawa, tayoyi a tsaye, faifan kuloci na tsakiya yana gogar ƙarfe yana ɗaukar nauyin mota da fasinja da buhunan da ke but gaba ɗaya, duk wannan ƙarfin zafi yake komawa. Warin nan mai kama da ƙonannen gashi ko roba da kake ji in an daɗe a gosulo a kan hawa, faifanka ne ke ƙonewa, kuma in zafin ya yi yawa har fulawil, wato ƙarfen injin da faifan ke goga, yana tabo ya fara sa mota karkarwa wajen tashi. Ga shi canjin faifai sai an sauke giyabos, kuɗin aiki kaɗai ya ishe ka, ga yinin da ka rasa ba ka yi lodi ba. Takalmin birki kuwa cikin ɗan lokaci an canja ka koma tasha. Saboda haka in motarka na da riƙon hawa ka bar shi ya yi aikinsa, kulocinka zai fi daɗewa, in ba ta da shi ka tsaya da birki ka tashi da hanbirki.

Sai dai ka sani in ka yi lodi ya wuce ƙa'ida, ko kana kan yashi ko tsakuwa ko laka irin na hanyoyin ƙauye da damina, zai iya riƙe tayar amma tayar kanta ta ja da baya a ƙulle. Wanda ya taɓa hawa Tula da kaya ya san irin hawan da nake nufi, a irin wurin nan hannunka ya kasance kusa da hanbirki ko da wace irin na'ura ce a motar.

Tambaya daga wani ɗalibi a Gombe:

Ana iya sa wa Golf 3 ɗina?

Amsa:

Ƙanena a'a, ka bar maganar. Abin yana buƙatar akwatin ABS irin na zamani da sensoshi da kwamfutar da duk suke magana da juna, kuɗin da za ka kashe da haɗarin a taɓa maka layin birki ba su kai amfanin ba. Ka gyara hanbirkinka ya riƙa kamawa da kyau, shi ne naka riƙon hawan, don Golf da yawa da ke yawo a gari wayar hanbirkinsu ta saki ko ta tsinke an bar ta haka, dutse ake sa wa taya.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Jekadafari, Gombe:

Malam ni tawa Volkswagen ce ta baya-bayan nan, na duba saitin kaf ban ga inda ake kashewa ba. Kuma ni har a shimfiɗaɗɗen wuri wani lokaci ina jin tana riƙewa, kuma kamar motar ta yi nauyi tana shan mai. Shi ne ko wani abu ne daban?

Amsa:

Alhaji tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, ba kowane kamfani ne ya ba direba damar kashewa ba. Volkswagen da yawa babu shi a saitin, sai an jona na'urar sikanin a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari an shiga kwamfutar birki an sauya, kuma wannan ba aikin da za ka ba duk wanda ya sayi na'ura jiya ba ne, lamba ɗaya aka rubuta ba daidai ba fitilu sun cika maka dashbod. In dole sai ka yi, ka nemi wanda ya san motocin Jamus sosai, ka sa ya adana saitin asali kafin ya taɓa. Subaru masu giyar hannu su kuma da maɓallin hana santsi ake bi ta wasu matakai har wata fitila ta kunnu ta nuna an kashe. Wasu Toyota na da, irin RAV4 na wajen 2006 zuwa 2012, nasu ma ba ya shiga sai kai ka kira shi, ka tsaya ka ƙara danna birki da ƙarfi ka ji ƙara ɗit sannan ya riƙe. Kowa da tsarinsa. Kuma ka duba ko motarka na da maɓallin da aka rubuta Auto Hold kusa da giya, don shi wani abu ne daban, yana riƙe mota ko a ina ka tsaya, hawa ko fili, kuma ba ya saki sai ka tashi, in shi ne a kunne to danna maɓallin kawai zai raba ka da shi.

Ta biyun ita ta fi damuna. Riƙon hawa ba ya sa mota nauyi a tafiya kuma ba ya shan mai, da ka tashi aikinsa ya ƙare. In kana jin nauyi to ina zargin birki ne ke kamawa da gaske, ko fistan ɗin kalifa, wato abin da ke matse takalmin birki, ya yi tsatsa ba ya komawa, ko ƙusoshin da yake zamewa a kai sun bushe ba giris, ko wayar hanbirki ta maƙale, ko tiyon birki ya kumbura ta ciki yana barin mai ya tafi ba ya barinsa ya dawo. Ga gwajin da za ka yi da kanka, ka samu fili shimfiɗaɗɗe ka sa ta a firi ka sauke hanbirki, kana zaune a ciki wani ya tura, lafiyayyar mota mutum ɗaya zai motsa ta ba wahala. Sannan ka yi tafiyar kamar minti goma ba ka yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim, kusa fa na ce kar ka taɓa don yana ƙona fata, wanda ka ji ya fi sauran zafi sosai ko yana wari to a nan matsalar take.

In duk tayoyin lafiya amma tana riƙewa na daƙiƙa biyu a wurin da ba hawa, to mai yiwuwa sensar da ke jin karkatar mota ce ta rikice, ana samun haka bayan an yi hatsari an gyara ko an canja akwatin ABS da na gwanjo ba a saita shi ba, sai a ajiye motar a daidaitaccen wuri a jona na'ura a sake nuna mata inda daidai yake, aikin mintuna ne a hannun wanda ya sani. Tunda za ka je garejin ma ka sa a duba man birkin, yawancin kamfanoni shekara 2 suke cewa a canja shi saboda yana tsotsar danshi, mu kuwa sai dai a yi ta ƙari a kai har ya koma baƙi kamar shayi, kuma bawul ɗin cikin akwatin ABS ƙanana ne ƙwarai, datti kaɗan ke sa su maƙale. Ka duba murfin robar man za ka ga an rubuta irin wanda motar ke sha, galibi DOT 4 ne a irin taka, a zuba sabo daga rufaffiyar kwalba a fitar da tsohon ta kowace taya har sai mai tsabta ya fito. In an yi ka rubuto min abin da aka samu, ina so in sani ko kalifa ce.